Kujerar da Ya Bar wa Yayansa

Maigidana ya yi shekara ashirin da 'yan kai yana tuƙa tasi a birnin New York, kuma in ka cire hanyar filin jirgi, bai taɓa fita bayan gari ba. Ni kitso nake yi a wani shago a Harlem, kujera ta uku daga ƙofa. Mu duka 'yan Damagaram ne. Shi mutum ne mai sanyi da yawan shiru, ni kuwa Allah ya yi ni da baki, kuma ban taɓa ɓoye wa kowa hakan ba.

Ciwon idon ta gefe ya fara masa. Sai ya dawo ya ce wani mai keke ya faɗo masa kamar daga sama, bai gan shi ba. Sai ya ture kofin shayin da ke kusa da hannunsa. Ni kuma in hau shi da faɗa, in ce jikinsa ne a nan, hankalinsa na gida. Ranar da ya goge madubin wata mota da ke ajiye a bakin titi, na bar kan wata mata rabi a tsefe na ja shi asibiti. Likitar ta ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cinsa a ɓoye, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Ɗan tsakiya kawai ya rage masa, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Na tambaye ta shi ɗin zai kai yaushe. Ta ce za su yi iya ƙoƙarinsu, amma in akwai abin da yake son gani, kada ya jinkirta. A makon nan ya mayar da makullin mota.

Muna fitowa daga asibitin, tun kafin mu kai tashar bas, ya sa na rantse ba zan gaya wa kowa a gida ba. Ya ce tsohuwarsa ba ta da lafiya, labarin zai kwantar da ita. Wannan gaskiya ne, amma na san ba shi ke nan ba. Shekara da shekaru shi ake kira in rufin ɗaki ya zube ko an kwantar da wani a asibiti. Yana tsoron ranar da za a daina kiransa, a koma yi masa sannu. Na yi masa rantsuwar, ina ganin abu ne mai sauƙi.

Wata safiya muna shan kunu ya kawo maganar. Ya ce akwai wani fasinja da ya taɓa ɗauka, wani dattijo da kayan kamun kifi, ya ba shi labarin wata ƙasa can arewa, daji ne da tafkuna ba iyaka, ba titi, ba gida, sai dai ka hau ƙaramin jirgi ka gan ta daga sama. Ya ce shi abin da ya tsaya masa a rai, wai duk ruwan nan ba mai ɗiba. Mutumin da ya tashi yana bin jaki zuwa rijiya tun kafin rana ta fito, a ce masa akwai ruwa kwance ba kowa a bakinsa, ya kasa yarda. Bai ce yana son zuwa ba. Ba ya cewa yana son abu, ko nama ne a cikin miya. Amma na yi shekara ashirin da biyar ina zaune da shi, na san roƙo in na ji shi.

Nan na shiga nema. Na fara da Alaska, don ita kowa ke faɗa, da na ga kuɗin jirgin zuwa kawai sai na rufe wayar na ci gaba da kitsona. Kanada kuma sai an tsallaka iyaka, takardunsa a lokacin suna hannun hukuma ana sabuntawa. Wata ma'aikaciyar jinya da nake yi wa kitso duk wata ce ta yi mini dariya, ta ce ina neman abu a nesa alhali yana cikin jiharmu. Ta ce in duba duwatsun Adirondack, tafiyar kamar awa biyar a mota, akwai masu ƙananan jirage da ke tashi daga kan ruwa su sauka kan ruwa. Ta ce in bari sai kaka, lokacin da ganye ke juyewa ja da rawaya, kuma in nemi tsakiyar mako, ya fi araha.

Ita ce ta koya mini tambayoyin da zan yi, na rubuta su a bayan kwalin gashi. Shekara nawa matuƙin ya yi yana tashi a wurin? Yana da lasisin ɗaukar fasinja? Yaushe aka duba jirgin? Akwai rigar ruwa ga kowa? In hadari ya taso, zai fasa ya mayar da kuɗi, ko zai tashi haka nan? Turancina na kasuwa ne, a waya kuma ya fi lalacewa, amma ban ji kunyar kowa ba. Wani ya ce mini kada in damu, shi ko ana ruwa yana tashi. Na ce Allah ya kiyaye hanya, na kashe. Wani kuma arha ya yi har ya ba ni tsoro, da na tambayi lasisi sai ya fara zagaye-zagaye. Wanda na tsaya a kansa wani tsoho ne mai maganar gajere-gajere, ba fara'a ko kaɗan. Ya amsa duk tambayoyina ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce shi ma yana da tasa: nauyin kowannenmu. Ya ce ba wasa yake ba, jirgin ƙarami ne, da nauyin yake lissafin mai da komai. Na maigida na san shi daga katin asibiti, nawa kuma ba abin ɓoyewa ba ne, ni 'yar firit ce. Na ɗauki kwasar adashena na biya, aka ba mu ranar Laraba da hantsi, makon ƙarshe kafin ya rufe aikin shekara.

Da na gaya wa maigida, sai ya ce in da na tambaye shi da ya hana ni, ɓarnar kuɗi ce. Washegari na same shi ya fito da rigar sanyinsa yana goge ta, saura wata guda a yi tafiyar.

Saura kwana takwas sai ga yayansa ya sauka. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, shi ne babba a gidan, shi ya riƙe maigidana bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya sayar da shanu biyu aka yi masa kuɗin jirgin zuwa Amurka. Ya zo sayen tsofaffin motoci ne, zai yi mako uku a wurinmu. Mutum ne mai kirki da son raha, ban taɓa samun matsala da shi ba. Maigida ya san kowane lungu na ɗakinmu da ƙafa, saboda haka Yaya bai lura da komai ba. Da ya tambayi mota, aka ce masa ana hutawa ne, baya ke ciwo.

Ba yadda za a yi ka bar baƙo a gida ka tafi yawon buɗe ido, balle yayanka. Maigida ya yi masa tayi a kan tuwo, Yaya ya ce ai kuwa zai so ya ga wannan abu, ya samu labarin da zai kai gida. Na kira tsohon na ce mun zama uku. Ya ce akwai kujera, nawa ne nauyin na ukun?

Ina tsaye a kicin da waya a kunne, Yaya na zaune a falo cikin babbar riga yana jan carbi. Taku biyar ne tsakaninmu. Amma ta ina zan fara? In je in durƙusa in ce wa wan mijina, Yaya, kilo nawa kake? Ko sunansa ban taɓa faɗa ba tunda aka kawo ni gidansu. In sa maigida ya tambaya, shi ma ba zai iya ba, kuma zai ce in bar maganar. Na leƙa na ƙare masa kallo, babbar riga kuwa ba ta nuna komai. Na ce wa tsohon kamar na mijina ne, su 'yan'uwa ne. Ya ce na tabbata? Na ce na tabbata. Har da ɗan tsaki na yi bayan na ajiye wayar, ina cewa Bature da son bin diddigi.

Ni na tuƙa motar hayar da muka ɗauka, Yaya na baya yana ta salati duk sanda na wuce babbar mota, yana tambayar ƙanensa yaushe duniya ta juya haka, direba na zaune mace na ja. Maigida yana gefena, ya manna fuska da gilashi, yana juya kai a hankali don ya kama abin da ke wucewa da ɗan abin da ya rage masa. Muka kwana a wani ƙaramin masauki, da safe muka gangara bakin tafkin.

Jirgin na ɗaure a jikin wani dandamalin katako, fari da ratsin shuɗi, a kan wasu dogayen ƙafafu kamar kwalekwale biyu. Rana ta fito sosai, har da ɗan zafi, ba iska ko kaɗan. Maigida ya je ya dafa fiffiken da hannu, ya bi shi da kallo daga wannan ƙarshe zuwa wancan, yana murmushi. Sai tsohon ya fito daga rumfarsa da ma'auni a hannu, ya ajiye a ƙasa ya ce kowa ya hau.

Na hau, maigida ya hau. Da Yaya ya hau, tsohon ya dubi ma'aunin, ya ɗago ya dube ni. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce abin da na gaya masa da abin da yake gani ba su yi kusa ba. Ya ce yau ba iska, ruwa ya kwanta, ga zafi, a irin wannan rana jirgi na wahalar rabuwa da ruwa, kuma ya riga ya cika tanki bisa lissafin da na ba shi. Mu uku ba zai yiwu ba. Na ce to ni na fasa, su biyu su je. Ya girgiza kai, ya ce maza biyun ma sun yi yawa, sai dai ɗaya daga cikinsu da ni. Na ce a raba lokacin biyu. Ya nuna mini wasu mutane da ke zaune a kan benci da kyamarori, ya ce nasu ne bayanmu, har yamma a cike yake, gobe kuma ruwa zai sauko ya yi kwanaki, daga nan ya janye jirgin sai baɗi. Ya ce da na faɗa masa gaskiya tun a waya, da ya ba mu tashi biyu. Na roƙe shi, na yi masa magiya, har na fara ɗaga murya. Ya ce ni na tambaye shi ko yana tashi in abu bai yi daidai ba, amsar ke nan.

Na juya na fassara musu. Ban gama rufe baki ba maigida ya ce, “Yaya, bismilla, ku hau.”

Yaya ya ce a'a, shi da ya kwana cikin abiyo, jirgin sama, daga Yamai har nan, ya hau ya gaji, wanda ya shirya tafiyarsa shi zai hau. Maigida ya ce ba a yi haka ba, ina aka taɓa ganin ƙane a sama wa na ƙasa yana jira. Yaya ya sake ƙi, yana dariya, ya ce shi ma'aunin ma ya riga ya kore shi. Ina tsaye ina addu'a a raina ya ƙi na uku, ya ƙi da gaske. Sai maigida ya kama hannunsa da hannu biyu.

“Yaya, kai baƙo ne, ba ka san ranar da za ka dawo ba. Ni ina nan. Baɗi ma sai in zo.”

Kalma huɗu ko biyar ce ta rage a faɗa, kuma tana bakina. Yaya, ƙanenka makancewa yake yi. Da na faɗa, wallahi da Yaya ya ɗauke shi da hannunsa ya sa a jirgin. Na dubi maigida, ya juyo da fuskarsa gaba ɗaya ya saita ni da ɗan ganin nan nasa. Na yi rantsuwa, kuma mace ba ta tsoma baki tsakanin wa da ƙane a gaban baƙi. Ni da ba a taɓa rufe mini baki a Harlem ba, na yi shiru. Tsohon ya dubi agogo. Yaya ya ga in ya sake ƙi ya mayar wa ƙanensa girmamawarsa, sai ya ce to, Allah ya yi albarka.

Na ce ni ma ba zan je ba. Maigida ya ce Yaya ba ya jin Turanci, wa zai gaya masa abin da matuƙi ke cewa? Ya rage murya ya ce in je in gano masa. Na raka shi kan benci na zaunar da shi inda zai fuskanci tafkin.

Aka sa Yaya a gaba kusa da matuƙi saboda nauyi, ni a baya. Jirgin ya yi ta gudu a kan ruwa har na ɗauka ba zai tashi ba, sannan ƙarar ruwan ta ɗauke, bishiyoyi suka koma ƙarƙashinmu. Ban san yadda zan faɗi abin da na gani ba, kuma na yi ta ƙoƙari tun ranar. Daji ne har inda ido ya tsaya, ja da rawaya da ruwan goro, da baƙin kore na itatuwan da ba sa zubar da ganye. Tafki a bayan tafki, wani dogo, wani zagayayye, wani da ɗan tsibiri mai bishiya uku. Wasu baƙi ƙirin, wasu suna ƙyalli har sai ka kau da kai. Ba hayaƙi, ba turba, ba rufin kwano ko ɗaya. Matuƙin ya karkata jirgin ya nuna mana wata dabba mai kama da saniya, doguwar ƙafa, tana tsaye cikin fadama ruwa har gwiwa.

Na taɓa kafaɗar Yaya na ce ya duba hagu. Bai juya ba. Na leƙa ta tsakanin kujeru, sai na ga idonsa a rufe gam, ya damƙe carbi da hannu ɗaya, ɗayan ya riƙe ƙarfen kujera, leɓensa na motsi, gumi na zuba cikin wuyan rigarsa. Na ce Yaya, don Allah ka buɗe ido ko sau ɗaya. Ya girgiza kai. Tun daga tashi har sauka, kusan awa guda, bai buɗe ba. Na yi kuka a kujerar baya, kukan baƙin ciki da haushi, ƙarar inji ta rufe shi. Na ɗauki hoto da waya, gilashi na mayar da haske, ba abin da ya fito sai dishi-dishi.

Muka sauka, muka tarar da maigida ya taso daga benci yana tsaye a bakin katakon. Ya tari Yaya da tambaya tun kafin ya gama fitowa. Yaya ya tsaya ya gyara hula, ya dube ni, ya ce, “Allah mai iko. Ruwa, ƙanena, ruwa ko'ina.” Maigida ya yi dariya har da tafa hannu, ya ce ashe dai dattijon fasinjan nan bai yi masa ƙarya ba. A hanyar dawowa ni na yi ta ba da labari, Yaya na cewa ƙwarai, haka ne. Sau biyu ni da Yaya muka haɗa ido ta madubi, kowa ya kau da kai.

An yi wa maigida aiki a idon cikin hunturu, bai yi amfani ba. Kafin ganye ya sake fitowa a bishiyoyin titinmu, hasken taga kawai yake bambancewa, daga baya shi ma ya tafi. Lokacin ba sauran abin ɓoyewa, shi da kansa ya kira gida ya faɗa. Da kaka ta zagayo na ce mu koma, ko iskar wurin ya sha, ko ƙarar jirgin ya ji a jikinsa. Ya ce a bar kujerar ga mai ido.

Bayan kwana biyu da jin labarin makantar, Yaya ya kira wayata ina shago. Na fita bakin titi na amsa. Ya tambaye ni tun yaushe aka sani. Na gaya masa. Sai na ji dattijon nan yana kuka kamar yaro, yana cewa me ya sa ban faɗa ba, me ya sa na bar shi ya hau. Ni ma tambayar da nake yi wa kaina ke nan. Da ya natsu sai ya roƙe ni abu biyu. Kada ƙanensa ya taɓa sanin bai buɗe ido ba. Sannan in gaya masa duk abin da na gani, dalla-dalla, don yanzu duk kiran da suka yi sai ƙanen ya ce a sake ba shi labarin jirgin, shi kuma abin da yake da shi ya ƙare.

Haka muke yi har yau. Ranar Alhamis Yaya ya kira ni, in tsaya a ƙofar shago in ba shi tsibiri mai bishiya uku, ko dabbar nan ta cikin fadama, ko wani kogi da ya yi lanƙwasa bakwai kafin ya shiga tafki. Ranar Juma'a bayan masallaci ya kira ƙanensa ya ba shi, da ƙarin gishiri irin nasa, don shi ya iya labari. Ina kicin ina jin maigida yana cewa to, to, sai kuma me?

Makon jiya da suka gama ya ajiye wayar a cinyarsa. Na kawo masa shayi na sa masa kofin a hannu. Ya ce kada in ji haushi, amma Yaya ya fi ni gani, ni da nake baya abubuwa da yawa sun wuce ni. Na ce haka ne. Ya ce wani lokaci abin na taso masa, ya ji kamar ya yi wauta, amma in ya ji yadda Yaya ke ba da labarin sai ransa ya yi sanyi, ya san kujerar ba ta tafi a banza ba.

“Ya gani sosai, ko?” ya tambaye ni.

Na ce, “Ya gani.”

Ya gyaɗa kai ya kurɓi shayinsa, ni kuma na koma kicin na buɗe famfo.